Waiwaye: Yadda Dandali Ya Ɓace a Unguwannin Kano

Duk lokacin da aka tayar da maganar ware kuɗin gwamnati don wuraren shaƙatawa da motsa jiki a Kano, sai jama'a su rabu biyu. Wasu su ce asibiti babu magani, ina ake ta shuka ciyawa? Wasu su ce ai hawan jini da ciwon suga da suka cika asibitin, zaman wuri ɗaya na cikin abin da ke kawo su. Ana ta ja kamar jiya matsalar ta faɗo, alhali ta daɗe tana tafe.

Farkon labarin sananne ne. Turawa sun bar filin sukuwa da na folo, aka buɗe gidan zu a farkon shekarun 1970 zamanin Audu Bako, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa (UPE) na 1976 kuma ya zo da firamare masu filin ƙwallo. Cikin birni kuwa tun fil azal akwai dandali, 'yan mata na gaɗa da farin wata, samari na langa da kokawa.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne awon igiya. Da kuɗin mai ya jawo mutane birni, gari ya tsallake badala ya faɗa gonaki. Mai gona ya rasu, magada su kira dillali, a ja igiya a yanka fuloti-fuloti, a bar lungun da mota ɗaya ma da ƙyar take shiga. Masallaci yakan samu wuri, domin akwai mai neman lada. Dandali kuwa babu mai saya, don haka babu mai bari. Kowane magaji yana ganin taku ashirin da zai bari fili asara ce daga rabonsa, mai saye kuma burinsa ya samu inda zai sa iyali, kuma ban ga laifinsa ba. Haka aka yi ta yi gona bayan gona, har unguwanni masu dubban gidaje suka tashi ba tare da inuwar bishiya ɗaya ta kowa da kowa ba. Ba a rana ɗaya aka yanke wannan shawara ba, shi ya sa ba wanda ya ga lokacin da aka yi rashin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, yaro kuma awa guda kullum. To uwar da likita ya ce ta riƙa tattaki saboda hawan jini, ina za ta taka? Ƙofar gidanta kwata ce, bakin titi Adaidaita Sahu, wurin shaƙatawa kuma sai ta biya kuɗin mota da na shiga.

Filin da a da kusurwar gona ce, yau sai an sayi gida an rushe kafin a same shi, kuma kuɗin da ake muhawara a kai can ya kamata su fara zuwa. Kafin nan, yaran lungunmu duwatsu biyu suke ajiyewa a kan kwalta su zama raga, in mota ta taho su kwashe, ta wuce su mayar.