Fokilif ta Japan, ta Jamus, ta Amurka ko ta Sin: amsoshin tambayoyin da aka ishe ni da su

Tambayoyin nan a kan fokilif, wato motar ɗaga kaya mai yatsun ƙarfe a gaba, kullum su ne, mai tambaya kawai ke canzawa. Na tara su wuri ɗaya, duk wanda ya sake kawo ɗaya daga ciki nan zan turo shi.

Wace ƙasa ce ta fi iya ƙera fokilif?

Babu. Tambayar ma ta tsufa. Toyota ta sayi kamfanin BT na Suwidin a 2000, ta haɗa da Raymond na Amurka da ke hannun BT. Linde da STILL na Jamus suna ƙarƙashin KION, wanda babban mai hannun jarinsa shi ne Weichai na ƙasar Sin. Clark, da ke cikin waɗanda suka fara wannan sana'a a Amurka tun 1917, yana hannun wani kamfanin Koriya ta Kudu tun 2003. To tutar wa za ka liƙa mata?

Ke nan duk ɗaya suke?

Ban ce haka ba. Masu kamfani sun cakuɗe, amma salon ƙira yana nan, domin kowa ya ƙera ne don irin siton da yake gani a gabansa. Japanawa sun fi son inji mai sauƙi wanda ba ya tsayawa. Jamusawa suna kashe kuɗi a kan jin daɗin direba da tsimin mai, saboda a wajensu albashin direba shi ne babban kuɗi. Amurkawa sun saba da daɓen siminti mai santsi, shi ya sa ƙaramar taya ta roba zalla da injin iskar gas suka yi yawa a can. Sinawa kuwa farashi da yawan ƙira suka sa a gaba, sai batirin litiyam a 'yan shekarun nan.

Fokilif biyu, duka an rubuta musu tan 3. Me ya sa ɗaya ke ɗaga gindi idan na ɗora kaya?

Saboda lambar jikin fenti ka karanta, ka bar ƙaramin allon ƙarfen da ke kusa da kujera. Nauyin da aka rubuta yana tare da nisa: daga gindin yatsun ƙarfe zuwa tsakiyar nauyin kayan. Masu ƙira a Turai da Asiya galibi suna auna ƙananan fokilif a milimita 500. A Amurka inci 24 ne, wato kusan milimita 610, rabin falet ɗinsu (katakon da ake jera kaya a kai) mai tsawon inci 48. Wadda aka auna tan 3 a milimita 500, in ka matsar da tsakiyar kayan zuwa 600, abin da ya rage mata bai fi wajen kilo 2,700 ba, kuma kana ɗagawa sama ko ka ƙara mata wani maƙali yana daɗa raguwa. Ka karanta allon nan, don Allah. In babu allon, kada ka saya.

Me ya sa tayoyin baya ne sitiyari ke juyawa?

Don ta juya a lungu, nauyin kaya kuma ya zauna a kan na gaba. Kowace ƙasa haka take yi.

Toyota tana da na'urar hana kifewa. Ai ba za ta faɗi ba ko?

Za ta faɗi sarai. Abin da suke kira SAS, da ya fito a ƙarshen shekarun 1990, yana kulle lilon aksul ɗin baya idan ya ji motar na neman karkata a kwana, yana kuma rage sunkuyawar tsanin gaba, wanda yatsun ke hawa da sauka a kansa, idan kaya na sama. Dabara ce mai kyau, sauran kamfanoni ma suna da irin tasu, kamar rage gudu a kwana. Amma ba ta san rami ba, ba ta san gefen dakali ba. Direban da ke gudu da kaya a sama ya fi ƙarfin kowace na'ura. Ka ɗaura bel. In ta tafi kifewa, kada ka yi tsalle: riƙe sitiyari, dafe ƙafafu, ka karkata zuwa ɓangaren da ba can take faɗuwa ba. Masu tsalle su ne rufin ke dannewa.

Ga tsohuwar Linde, ga tsohuwar Toyota, ga sabuwar Heli ta ƙasar Sin, duk masu dizal. Wacce zan ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba ta fita da baki ɗaya.

Fara da yadda ƙarfi ke kaiwa ga taya. Linde tun wajen 1960 ta bi hanyar haidurolik: inji yana juya famfo, famfo yana tura mai zuwa ga tayoyi. Babu kuloci, babu giyabos, feda biyu ce, ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗaga ƙafa ta tsaya da kanta. In aikinka lodin tirela ne daga safe har dare, gaba da baya ba hutu, wannan tsari yana da wuyar kayarwa: ba ta cinye birki, sau da yawa ta fi tsimin mai, direba kuma ba ya gajiya sosai. Amma fa tana da sharaɗi. Man haidurolik sai mai tsabta, filta sai a kan lokaci. In mai ita na baya ya yi sakaci, famfon ya riga ya ci kansa a ciki, kuma ba za ka gane da ido ba. Gyaransa ba na kowane bakanike ba ne, kuɗinsa kuma na iya cinye duk ragin da ka samu.

Toyota da Heli, a irin wannan girma, galibi giya ce irin ta mota otomatik, da feda ta musamman ta matsawa a hankali yayin da inji ke ɗaga kaya. Tsari ne da makanikai suka sani, yana jure wulaƙanci fiye da na Linde. Illarsa, direbobi suna ɗora ƙafa a kan fedar nan duk yini, faifan cikin giya ya ƙone, birki ya cinye. Saboda haka tsohuwar Toyota ma ba a saye ta don suna. A bar ta ta yi zafi, a ɗora mata kaya, a hau gangara da ita, a ga ko tana jan jiki.

Sabuwar ta Sin kuma, ni ba na cikin masu taɓe mata baki. Heli da Hangcha suna cikin manyan masu ƙira a duniya yanzu, tsarin da yawa daga motocinsu daga na Japan ya samo asali, wasu ma injin Isuzu ko Mitsubishi ne a ciki. In aikinka awa uku ko huɗu ne a rana, sabuwa mai garanti tana iya fin tsohuwar da ba ka san tarihinta ba. In kuwa direbobi za su riƙa karɓa-karɓa dare da rana, a ganina ƙananan abubuwa irin su tiyo, sil da wayoyi su ne za su fara nuna inda aka yi tsimi. Ko wannan ma ya danganta da samfuri, domin kamfani ɗaya yana da na arha yana da na tsada.

Akwai wani tarko kuma. Sababbin injinan dizal da aka yi don dokar hayaƙi ta Turai suna da matatar hayaƙi, suna son mai maras sulfa da yawa. In ba ka da tabbacin irin man da za ka riƙa zubawa, sabuwar fasaha na iya zame maka ciwon kai.

To wacce? In ka matsa mini: aiki mai tsanani da ƙwararren bakanike kusa, Linde. Aiki matsakaici da direbobi barkatai, Toyota. Aiki kaɗan, sabuwar ta Sin. Duk wannan yana rushewa idan kayan gyaran wadda ka zaɓa sai an yi makonni ana jiransu. Kwantar da hankalinka, babu wadda za ta kashe maka kasuwanci a cikin ukun in ka duba ta da kyau.

Me ya sa a sitocin Amurka direba yake tsaye, a Turai yana zaune a karkace?

Motocin lungun kantoci kake nufi. Raymond da Crown na Amurka sun saba da mai tsayuwa, yatsun ne ke miƙewa gaba a kan ƙarfe mai kama da almakashi, direba yana hawa da sauka da sauri. Jungheinrich na Hambug a Jamus tun 1956 ya bi ta wata hanya: tsanin gaba ɗaya ne ke zamewa gaba ya dawo, direba yana zaune. Auna faɗin lungunka da irin falet ɗinka kafin ka yi sha'awa. Na Turai milimita 800 ne a 1,200, ba daidai yake da na Amurka ba.

Zan iya cire tsohon batir in sa na litiyam?

Sai nauyi ya yi daidai. A fokilif mai lantarki, batirin dalma yana cikin abin da ke danne gindi, allon ma ya faɗi mafi ƙarancin nauyinsa. Litiyam ya fi sauƙi, shi ya sa ake ƙara masa ƙarfe a akwati. Irin su BYD na ƙasar Sin da suka ƙera motar a kan litiyam tun farko ba su da wannan matsala.

In na ƙara ƙarfe a baya, za ta ɗauki fiye da abin da aka rubuta?

A'a. Sarƙa, yatsu da aksul ba su ƙaru ba. Nemi babba.