Bronkoskofi: Leƙa Cikin Huhu Ba Tare da Tiyata Ba

Bronkoskofi hanya ce ta duba maƙogwaro da rassan hanyar iska da ke cikin huhu, inda likita ke zura siririn bututu mai fitila da kyamara ta hanci ko ta baki. Da shi ake gano cuta, sau da yawa kuma a yi maganinta nan take, ba sai an tsaga ƙirji ba.

Likitan Jamus Gustav Killian ne ya buɗe wannan fage a 1897, lokacin da ya zaro guntun ƙashi daga hanyar iskar wani manomi da miƙaƙƙen bututun ƙarfe. A 1966 Shigeto Ikeda na Japan ya fito da mai lanƙwasa, wanda kaurinsa bai kai na fensir ba, kuma yana bin rassan har can ciki. Shi aka fi amfani da shi yau, amma na ƙarfen bai tsufa ba.

Mara lafiya kan daina cin abinci kamar awa 6 kafin aikin. Ana fesa masa maganin kashe zafi a hanci da maƙogwaro, a ƙara da allurar da za ta sa jikinsa ya saki. Yawanci ana gamawa cikin rabin awa, ya koma gida a ranar. Ba a yarda ya ci ko ya sha ba sai maganin ya sake shi, gudun kada ya ƙware.

A Kaduna da kewayenta, inda gyaɗa ba ta yankewa a gida, babban amfanin wannan aiki yana wajen yara 'yan ƙasa da shekara 3. Yaro yana tauna yana dariya ko kuka, sai ƙwaya ta zarce hanyar iska. Zai yi tari mai tsanani, ido ya yi ja, can sai ya lafa, uwa ta ce alhamdu lillahi ya wuce. Ba lallai ya wuce ba. Gyaɗa ba ta fitowa a hoton ƙirji, ga shi man da ke cikinta yana kumbura wurin da ta maƙale, sai yaro ya shafe makonni yana shan maganin asma ko na nimoniya a banza. Abin takaici ne, domin labarin ranar da ya ƙware kaɗai ya isa ya sa likita ya nemi a leƙa. Da bututun ƙarfe ake ciro ta, bayan an sa yaron barci. Haka ake yi wa 'yan mata da suka shaƙi allurar ɗaura hijabi da suka riƙe a baki.

Yana kuma taimakawa a binciken tarin fuka, cutar da ke da cibiyar horar da ma'aikatanta ta ƙasa a Saye, kusa da Zariya. Idan mutum ya kasa fitar da kaki, sai a zuba ɗan ruwan gishiri cikin reshen huhu, a zuƙo shi, a kai gwajin GeneXpert, wato na'urar da ke gano ƙwayar cutar. Wanda kuwa ya sha magani tari bai tsaya ba, ko yake tarin jini, ana iya gutsuro ɗan nama a duba ko ciwon daji ne. Akwai irin bututun da ke ɗauke da na'urar hoton sauti a bakinsa, wanda ke nuna wa likita kaluluwar da ke bayan bangon hanyar iska ya soke ta da allura ya ɗebo abin gwaji.

Idan ƙari ya toshe hanya, ana ƙone shi da leza, wato wani haske mai ƙuna, ko a sa ɗan bututun silikon ya riƙe wurin a buɗe, dabarar da Jean-François Dumon na Faransa ya yi suna da ita.

Ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi bayan aikin ba abin damuwa ba ne. Zubar jini ko fitar iska daga huhu zuwa cikin ƙirji ba su cika faruwa ba, kuma an fi ganinsu idan an gutsuri nama.