Kasko da talabijin a falo: yadda ya kamata a jera kaya lokacin sanyi

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, hirar dare takan koma cikin falo. Da an idar da sallar isha'i sai a rufe ƙofa, a saki labule, a shigo da kaskon garwashi ko a kunna hita, yara su baje a kan kafet suna kallo. Ɗaki guda ke nan ya haɗa wuta da soson kujera da wayoyin lantarki da ƙananan yara. Yawancin gidaje idan za a jera kayan falo, talabijin ake fara nema wa wuri, kujeru su fuskance shi, wuta kuwa duk inda aka ga sarari nan ake dire ta. Mu ma'aikatan lafiya roƙonmu shi ne a juya wannan tsari. A fara zaɓa wa wuta mazauni, a fitar da hanyar ƙofa, sannan kujeru, talabijin ya zo daga ƙarshe.

Wuta tana bukatar fili na aƙalla mita ɗaya ta kowane ɓangare, wato kamu biyu da ɗan ɗori na hannun babban mutum. A cikin wannan fili kada a sami kujera, ko labule, ko matashi, ko darduma, ko kwandon wanki. Soson da ake cusa wa kushin yana kama wuta da sauri, kuma hayaƙinsa baƙi ne mai guba, shi ke kayar da mutum tun harshen wuta bai iso shi ba. Ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa ba sai tartsatsi ya taɓa ta ba, zafin gindin kasko kaɗai ya isa ya narkar da ita. Saboda haka a naɗe kafet ko leda daga wannan wuri, a ajiye kaskon a kan siminti ko tayil. In ɗakin duk a shimfiɗe yake, a samu faffaɗan tire na ƙarfe a zuba yashi mai kaurin yatsu uku, a ɗora kaskon a tsakiya. Kada a ɗora shi kan kujerar tsugunno ko kan teburin tsakiya, domin duk abin da ya yi tudu yaro yana iya jawo shi. Wannan ƙa'ida ta haɗa har da ƙaramin kaskon turaren wuta, wanda aka fi sakaci da shi, a tura shi ƙarƙashin labule ko gindin kujera don ƙamshi ya kama su.

Wuri mafi dacewa shi ne jikin bangon da ba shi da labule, nesa da inda ake wucewa. Tsakanin ƙofar falo da ƙofar ɗakin kwana ko ta kicin a bar hanya mai faɗin santimita 80 zuwa 90 wadda babu komai a kanta. Kada wuta ta shiga tsakanin mutane da ƙofar fita. A gidajenmu da yawa tagogi na da ƙarafan tsaron ɓarayi, ƙofar nan ita kaɗai ce mafita in gobara ta tashi, kuma in an ɗauke wuta cikin duhu za a neme ta.

Haɗarin da ya fi gobara kisa a ɗakin da aka rufe shi ne iskar da gawayi ke fitarwa, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari ko hawaye. Mutane da yawa sun ɗauka in an bar gawayi ya ruru a tsakar gida har hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja, to ya zama lafiya a shigo da shi. Hayaƙin da ido ke gani ne ya ƙare, amma garwashi yana ci gaba da fitar da wannan iska har ya zama toka, kuma iyakar ƙarancin iskar ɗakin, iyakar yawan abin da yake fitarwa. Idan aka shaƙe ta, takan kama jini fiye da yadda iskar numfashi, wato oksijin, ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, sai jini ya yi ta zagayawa ba tare da ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata ba. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Abin da ke ruɗin mutane shi ne sun yi kama da zazzaɓin cizon sauro ko gajiyar yini. Ga yadda za a bambance: in mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka fara kukan ciwon kai lokaci guda, babu zafin jiki, kuma suna jin sauƙi da sun fita waje, to a zargi kaskon. Mai juna biyu, da jariri, da tsoho, da mai ciwon zuciya, da mai sikila ko ƙarancin jini, su take fara yi wa illa.

Don haka zancen gaskiya, garwashi a tsakar gida ko a baranda ya fi dacewa a ji ɗuminsa. In har an shigo da shi falo, sai taga ɗaya ta kasance a buɗe da faɗin tafin hannu ko fiye, ƙofa kuma a sassauta ta, iska ta shiga ta nan ta fita ta can, kuma zaman ya zama na ɗan lokaci. Kada a jingina doguwar kujera ko durowa ta toshe wannan taga, kada kuma a cusa tsumma a ramukan iska na saman bango saboda ƙura. Kafin kowa ya kwanta, a fitar da kaskon waje, a kashe shi da ruwa ko yashi. Rufe garwashi da toka ba kashewa ba ne. Haka janareta: wannan gubar yake fitarwa, da yawa ma fiye da kasko. Mazauninsa waje ne, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa ya juya wa gida baya. Ajiye shi a lungun shiga falo ko ƙarƙashin bene don tsoron ɓarawo ya sha hallaka iyali guda cikin barcinsu. Mai hali ya sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, mai aiki da batir, ya kafa ta a bango mita 1 zuwa 3 daga inda wuta take.

Sai kujeru. A jingina mai cin mutum uku da bangon da ke fuskantar talabijin, ƙananan biyu su zauna a gefe, yadda wuta za ta kasance a gefen masu zama, duk babban da ke ɗakin yana ganinta ba sai ya waiga ba. Teburin tsakiya ya ba kujera ratar santimita 40 zuwa 45. In akwai mai rarrafe a gidan, a janye teburin gaba ɗaya, a shimfiɗa wa yara tabarma a ɓangaren da ya fi nisa da wuta, babba ya zauna tsakaninsu da ita. Tsoffi da masu ciwon suga su kula ƙwarai, domin jin zafi yakan ragu a tafin ƙafarsu, sai mutum ya miƙa ƙafa kusa da garwashi ya ƙone bai sani ba. Mata kuma a tattare gefen hijabi da mayafi kafin a sunkuya kan kasko, yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata.

Talabijin da wuta kada su haɗa bango. Zafi sama yake tashi, kuma yawancin kamfanoni sun ƙayyade kada zafin wurin da talabijin ke aiki ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Toka da ƙurar hunturu suna toshe ramukan da yake shan iska ta baya, don haka a bar masa sararin santimita 10 ta sama da gefe, a daina lulluɓe shi da ƙyalle yana kunne. Nisan zama ya danganta da girmansa: a ninka tsawonsa daga kusurwa zuwa kusurwa sau ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Mai inci 32 yana son mita 1.2 zuwa 2, mai inci 43 mita 1.6 zuwa 2.7, mai inci 55 kuwa mita 2.1 zuwa 3.5. Tsakiyar gilashin ta yi daidai da idon wanda ke zaune a kujera, kimanin mita ɗaya ko sama da haka kaɗan daga ƙasa. Masu kafa talabijin suna son kai shi can kusa da silin don ya yi kyan gani, sai masu gida su yi ta fama da ciwon wuya, yaran da ke zaune a ƙasa kuma su fi kowa ɗaga kai. Kada talabijin ya fuskanci taga kai tsaye, hasken rana zai riƙa dawowa ido.

Kafa shi a bango ya fi ɗora shi kan tebur, amma a yi aikin da kyau. Bulon da ba a sa masa isasshen siminti ba yana marmashewa, ƙusa ta zare bayan wata biyu. A huda da na'ura, a sa roba da noti huɗu masu tsawo, a ja ƙarfen da zai riƙe talabijin ɗin da hannu da ƙarfi a gwada kafin a rataya. In tebur za a yi amfani da shi, ya zama gajere mai faɗin gindi, a ɗaure talabijin da bango ta baya. Tsohon talabijin mai ƙeya duk nauyinsa a gaba yake, yaro ya ja shi kaɗan sai ya rufto masa a ka. Kada a ajiye rimot ko alewa a samansa, abin da ke sa yaro hawa ke nan.

Masu hita ta lantarki su lura da lissafi guda. Hita mai ƙarfin wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, wato ma'aunin yawan lantarkin da ke bi ta waya, soket na bango kuwa amfiya 13 ne iyakarsa. Ita kaɗai za a jona a soket ɗin bango. In aka haɗa ta da talabijin da dikoda da cajar waya a kan doguwar soket mai siririyar waya, wayar za ta yi zafi ta narke, musamman in an tura ta ƙarƙashin kafet inda ba mai ganin ta. A riƙa taɓa filogi bayan rabin awa, in ya yi zafi ko ana jin ƙaurin roba a kashe a kira mai gyara. Idan aka ɗauke wuta a zare hitar nan take, don kada a maido da wuta cikin dare ta kama aiki babu kowa a falo. Kada a shanya kayan jariri a kanta. Batirin inbata mai ruwa shi ma yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, bai kamata ya zauna ɗaki ɗaya da garwashi ba.

A Jos da kewayenta akwai tsoffin gidaje na zamanin Turawan haƙar kuza masu ginannen murhu a bangon falo da bututun hayaƙi. Wanda ke zaune a irinsu ya sa a share bututun sau ɗaya a shekara kafin sanyi, domin sheƙar tsuntsu da kunkunniya suna toshe shi, hayaƙi ya dawo ɗaki. A sa ragar ƙarfe a bakin murhun, talabijin kuma ya koma bangon gefe maimakon saman murhu.

Idan aka ga alamun shaƙar iskar gawayi, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa waje, a kai su asibiti ko da sun ce sun warware, a kuma faɗa wa likita cewa akwai garwashi ko janareta a kusa, domin iskar oksijin ce maganinta. Madara da manja ba sa fitar da ita daga jini, kuma ɗura wa wanda ya suma wani abu a baki yana iya shaƙe shi. A kwantar da shi ta gefe har a samu mota. Ƙuna kuwa a yi ta kwarara mata ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa ɗanyen ƙwai, ko man goge baki, ko gishiri, ko baƙin mai, kada kuma a fasa ƙurajen ruwan. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, ko hannu, ko al'aura, da kowace irin ƙuna a jikin jariri, asibiti za a nufa da ita a ranar. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112.