Da gaske ne ana ɗaure wanda ya je kallon zanen duwatsun Birnin Kudu?

Na shirya kai 'yan ajina kallon zanen Dutsen Habude da Dutsen Mesa a ƙarshen zangon karatun da ya wuce. Mun tara kuɗin mota, yara sun yi ta ɗoki, sai ga shi ana saura kwana uku iyaye sun fara janye 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo ya same ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya kama hannuna ya ce: "Malam, ka yi wa Allah ka bar yaran nan. An ce wajen na gwamnatin tarayya ne yanzu, duk wanda ya taka, ɗauri ne." Na ce, "Baba, wa ya faɗa?" Ya ce a waya aka tura wa ɗansa.

Da na bi diddigi sai na tarar maganar ta yi rassa. Wasu na cewa har gonakin da ke gindin duwatsun za a ƙwace. Wata baiwar Allah a unguwarmu ta naɗe takobin kakan mijinta a tsumma ta tura ƙarƙashin rumbu, wai kada jami'ai su zo su tafi da shi. Samari kuma nasu labarin daban ne: sun ji cewa tarar naira dubu ɗaya ce kacal, don haka in mutum ya ga dama ya rubuta sunansa da na budurwarsa a jikin dutsen, ya biya, ya kama gabansa. Duka ɓangarorin biyu sun yi kuskure, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro.

Dokar da ake magana a kai ba sabuwa ba ce. Dokar soja ce mai lamba 77 ta 1979, wadda aka yi a ƙarshen mulkin Janar Olusegun Obasanjo, dab da miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari. Ita ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, hukumar da ke riƙe da wuraren da aka ayyana a matsayin abin tarihin ƙasa, irin su Gidan Makama a Kano da waɗannan duwatsu namu na Birnin Kudu. Kafin ita ma akwai dokar kayan tarihi ta 1953, tun zamanin Turawa. Dokar ta 1979 ta shafi kowa, baƙo da ɗan gari, malami da ɗalibi, manomi da ɗan kasuwa.

Shiga wajen ba laifi ba ne. Sashe na 16 ya ce jama'a na da damar ziyartar wurin tarihi, gwargwadon iyaka da lokaci da kuɗin shiga, in akwai, da hukumar ta tsara. Wato abin da ake buƙata shi ne ka bi ta hannun ma'aikatan hukumar, ka je a lokacin da suka ce, ka tsaya inda suka ce ka tsaya. Babu inda aka rubuta ɗauri ga wanda ya je kallo. Ai don a gani aka adana wajen.

Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi tsammanin wani katafaren abu ne. Zane ne a ƙarƙashin inuwar manyan duwatsu, inda ruwan sama ba ya duka sosai, mafi yawansa na shanu, da jan launi da fari da baƙi, wasu sun dushe har sai ka ƙura ido. Ranar da na fara gani, abin da ya tsayar da ni shi ne akwai shanun da ba su da tozo. Duk shanun da muka tashi muna gani a hannun Fulaninmu masu tozo ne, ga wasu kuma a jikin dutse da dogayen ƙahoni da baya a shafe. Wanda ya zana su ya ga wasu irin shanu ne da ba su yawo a dajinmu yau. A nan kusa kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙararrawa, jikinsu duk gurabun bugun mutanen da. Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, kuma rubutunsa ya taimaka wajen sanar da duniya sunan Birnin Kudu.

To ina laifin yake? Yana sashe na 18. Duk wanda da gangan ya rushe wurin tarihi, ko ya ɓata fuskarsa, ko ya sauya shi, ko ya ɗauke wani ɓangare, ko ya haƙa shi, ya aikata laifi. Hukuncin, in kotu ta same shi da laifi, tarar naira 1,000 ce ko ninki biyu na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko a haɗa masa duka biyun.

A nan samarinmu suka tsinke karatun, suka riƙe dubu ɗaya suka yar da sauran. Su sake dubawa. Ba ɗan sanda ko mai gadi ake miƙa wa dubu ɗayan a wuce ba, kotu ce ke yanke hukunci. Sannan dubu ɗayan ita ce mafi ƙaranci a ma'aunin tarar, domin an ce ko ninki biyu na darajar abin, wanda duk ya fi yawa. Wa zai yi wa zanen da ba a san ranar da aka yi shi ba, kuma ba a iya sake yin irinsa, kuɗi ƙasa da naira ɗari biyar? Bayan haka ga ɗaurin shekara guda, wanda alƙali na iya yankewa shi kaɗai ko ya haɗa da tarar. Shekara guda a gidan yari ba ta rage daraja ba tun 1979, kwana 365 ne jiya, haka yake yau.

Ita kanta dubu ɗayan, lokacin da aka rubuta ta ba abin wasa ba ce. A wancan zamanin naira ta fi dalar Amurka daraja. Mafi ƙarancin albashin da aka kafa a 1981 naira 125 ne a wata, ka ga tarar ta kai albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, dubu ɗaya kuwa ba wani kuɗin kirki ba ce. Ni a ganina wannan sakaci ne daga masu yin doka, domin adadin da ya kamata ya tsoratar da mai ɓarna shi ne yanzu yake ba shi ƙwarin gwiwa. Amma tsufan adadin bai soke sashen ba.

Kalmar da ta fi muhimmanci a sashen ita ce "da gangan". Yaron da ya yi tuntuɓe ya dafa dutse bai shiga ciki ba. Wanda ya zo da gawayi ko alli ko fenti ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, ya shiga. Wanda ya sa ƙusa ya bi layin zanen wai don ya fito, ya shiga. Wanda ya ɓalli ɗan ɓarin dutse ya sa a aljihu don tsaraba, shi ma haka. Akwai kuma abubuwan da mutane ke yi da kyakkyawar niyya alhali ɓarna ce. Mafi yawa shi ne watsa wa zanen ruwan leda don launin ya fito a hoto. Launin zai fito na 'yan mintuna, amma ruwan na jiƙa shi, yana kuma janyo gishirin cikin dutsen ya fito fili ya ɓamɓare shi. Shafawa da hannu ma haka, gumi da maiƙon hannu suna zama. Hura wuta a ƙarƙashin inuwar, ko don gasa masara ko don jin ɗumi da sanyin hunturu, tana rufe zanen da baƙin hayaƙi. Ko lauya zai iya jayayya a kotu kan niyyar mai watsa ruwa, ni dai ba zan bar ɗalibina ya yi ba. Duwatsun masu amo kuwa, kada a ɗau dutse a hau bugu sai mai kula da wajen ya nuna inda za a taɓa, in ya yarda ke nan.

Allon sanarwa da shinge ma suna da nasu hukuncin: wanda ya lalata ko ya cire su ba da izini ba, tarar naira 500 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Masu kwasar ƙarfe su sayar wa 'yan gwangwan su ji da kyau.

Akwai wani ɓangare na wannan sashe da ba na jin daɗinsa, kuma ba zan ɓoye ba. Ya keɓe mai riƙe da lasisin haƙar ma'adinai: in ya samu lasisinsa kafin a ayyana wajen, kuma lasisin ya ba shi damar aikin, kuma ya ba hukumar sanarwar aƙalla wata uku a rubuce, to hukuncin bai hau kansa ba. Wato yaro mai gawayi na iya fuskantar shekara guda, mai injin fasa dutse kuma an bar masa ƙofa. Na gane hikimar, ba a son a soke wa mutum haƙƙin da ya riga ya samu. Duk da haka abin bai kwanta mini ba. Sai dai kada masu fasa tsakuwa a ƙauye su ɗauka wannan rangwamen ya shafe su. Wanda ba shi da irin wannan lasisi, in ya sa guduma a dutsen da aka ayyana, sashe na 18 ne a kansa kai tsaye.

Batun ƙwace gonaki: ayyana wuri ba a yin sa a ɓoye. Doka ta ce a buga sanarwa a jaridar gwamnati, a sanar da mai wajen, a ba shi damar faɗin ƙorafinsa, kuma ta tanadi hanyar neman diyya. Duwatsun Birnin Kudu an daɗe da ayyana su, tun kafin a ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, kuma mutane na noma a kewayensu duk tsawon shekarun nan. In wani ya zo maka da maganar za a karɓi gonarka, ka ce ya nuna takarda, ka kuma tuntuɓi dagaci da ofishin hukumar.

Abin da ya fi shafar manomi shi ne abin da garma ke tonowa. Sashe na 19 ya hana haƙa don neman kayan tarihi sai da izinin hukumar da amincewar gwamnatin jiha. Masu yawo da dare suna tona kufai da tsofaffin kushewu wai neman tukunyar dukiya, wannan da su ake. Amma wanda yake huɗa gonarsa ya ci karo da tsohuwar tukunya ko gatarin dutse ko wani mutum-mutumin yumɓu bai yi laifin komai ba. Sashe na 20 ya ɗora masa abu guda: cikin kwana 7 ya sanar da hukumar da sakataren ƙaramar hukuma, ya faɗi inda ya samu da yadda ya samu. Wanda ya ƙi da saninsa, naira 500 ko wata 6 ko duka. Gaskiya kwana bakwai sun yi kaɗan ga mutumin da ke tsakiyar aikin damina, wanda bai ma taɓa jin dokar ba. Kamata ya yi a riƙa shelanta wannan a rediyo da bakin masu unguwanni. Kafin a kai ga haka, shawarata ita ce a bar abin inda yake, kada a wanke, a gaya wa mai unguwa a ranar, shi ya taimaka a kai maganar gaba.

Sai takobin da aka tura ƙarƙashin rumbu. Na je na samu matar na ce, "Inna, ki fito da shi kafin gara ta cinye kuben." Doka ta kira abu kayan tarihi idan aikin hannu ne na ƙasar nan da aka yi kafin 1918, ko kuma mai muhimmanci ne da aka yi amfani da shi a bikin gargajiya. Takobi, sulke, tambari, ƙyauren ƙofa, kayan sarauta, har da rubutattun littattafan hannu na malamanmu, duk suna iya shiga. Mallakarsu ba laifi ba ne, gadonka naka ne. Wakilin hukumar na iya neman ka yi masa rajista, kuma in aka nema ka ƙi, a nan ne ake iya karɓe shi. Laifin yana wajen ciniki. Sashe na 21 ya hana saye ko sayar da irin waɗannan kaya sai ta hannun wakilin da aka ba izini, kuma hukuncinsa ya fi na ɓata dutse nauyi: naira 2,000 ko ninki biyar na darajar abin, wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara 3, sannan a ƙwace kayan. Fitar da su ƙasar waje ma sai da takardar izini. Wannan tsanani yana da dalili. Gumakan yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna, an yi ta tono su ana sayar wa dillalai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, suna ƙarewa a Turai. Don haka in baƙo ya shigo ƙauye yana tambayar "tsofaffin kaya", yana taya littafin kakanku, ku sani mai sayarwa ma yana cikin laifin, ba mai saye kaɗai ba.

Tafiyar tamu dai mun ɗage ta zuwa bayan girbi. Na koma wajen dattijon nan da sashe na 16 da na 18 a rubuce a takarda, na karanta masa da Hausa. Ya saurara har ƙarshe, ya ce jikansa zai je, amma da sharaɗin in caje aljihun kowane yaro kafin a hau mota, kada wani ya tafi da alli. Na ce masa ruwan leda ma a mota za mu bar shi.