Haɗa sabbin na'urori da tsohuwar risibar sinimar gida

Risibar sinimar gida na'ura ce da ke karɓar sauti da hoto daga wurare daban-daban, ta ƙara wa sautin ƙarfi, ta rarraba shi ga lasifiku biyar ko bakwai da kuma wufa, wato lasifikar ƙananan sautuka masu girgiza ɗaki. Ɓangaren amfilifaya na irin wannan na'ura yakan daɗe yana aiki lafiya ƙalau. Abin da zamani ke bari a baya shi ne kafofin da ke bayanta. Shi ya sa matakin farko a haɗa ta da sabon talabijin ko na'urar wasa shi ne a juya ta a ga irin kafofin da take da su.

Tarihin kafofi

Sautin kewaye ya shigo gidaje da Dolby Surround a 1982, sai Dolby Pro Logic a 1987. Dukansu suna ɓoye tashoshi na ƙari ne a cikin sautin sitiriyo, don haka wayoyi biyu na RCA, ja da fari, sun isa. Hoto kuwa yana bin waya mai ruwan ɗorawa, daga baya S-Video, sannan wayoyi uku, ja da kore da shuɗi. A Turai an fi amfani da filogin SCART mai ƙafa 21.

Sony da Philips suka tsara S/PDIF domin sautin dijital, Toshiba kuma ta fito da kafar haske ta TOSLINK wajen 1983. S/PDIF na zuwa iri biyu: wayar tagulla mai ohm 75, wadda kafarta ke da launin lemo, da wayar haske. Da DVD ya fito a Japan a 1996 ya isa Amurka a 1997, waɗannan kafofi suka zama hanyar Dolby Digital da DTS, tsare-tsaren matsattsen sauti masu tashoshi 5.1, wato lasifiku biyar da wufa ɗaya. Iyakarsu ita ce tushen mafi yawan matsalolin yau: suna ɗaukar PCM, wato sautin dijital da ba a matse ba, mai tashoshi biyu ko matsattsen 5.1, ba sa ɗaukar Dolby TrueHD, DTS-HD Master Audio ko PCM mai tashoshi da yawa.

HDMI ya fito a Disamban 2002, ya haɗa hoto da sauti a waya ɗaya. Sigar 1.3 ta 2006 ta kawo TrueHD da DTS-HD, 1.4 ta 2009 ta kawo ARC, hanyar da talabijin ke mayar da sauti zuwa risiba, 2.0 ta 2013 ta kawo 4K mai hotuna 60 a daƙiƙa, 2.1 ta 2017 kuma ta kawo eARC, wato ingantaccen ARC. Wasu risibobi na farkon zamanin HDMI, na wajen tsakiyar shekarun 2000, suna wuce da hoton ne kawai ba tare da sun ciro sauti daga cikinsa ba, kuma wannan ya rikita masu saye da yawa. A ɗaya ɓangaren, dokokin kare haƙƙin Blu-ray sun rage ingancin hoton analog bayan 2010, suka hana shi gaba ɗaya a sabbin na'urori bayan 2013. Kafar haske ma ta yi ta ɓacewa: babu ita a Apple TV tun daga na 2015, haka PlayStation 5 da Xbox Series X.

Hanyoyin haɗawa

Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da talabijin cibiya. A haɗa dikoda, na'urar wasa da sandar intanet, wato ƙaramar na'urar kallo ta intanet, duk a kafofin HDMI na talabijin, sannan a ja wayar haske ɗaya daga talabijin zuwa risiba. A cire ɗan murfin roba da ke bakin wayar, a duba jan haske na fitowa, kada a lanƙwasa ta sosai, kuma kada tsawonta ya wuce mita 5 zuwa 10. Bayan haka a shiga saitin risiba a ɗaure kafar, misali OPT1, da maɓallin shigarwar da za a riƙa dannawa. Mantawa da wannan shi ke sa a ji shiru duk da komai na haɗe. A saitin talabijin a zaɓi Bitstream ko Pass-through. Idan aka bar shi a PCM, sitiriyo kawai zai iso. Wasu talabijin suna murƙushe sautin HDMI zuwa tashoshi biyu ko mene ne aka zaɓa, wasu kuma ba sa wuce da DTS sam.

Hanya ta biyu ita ce ƙaramin akwatin da ke ciro sauti daga HDMI. Yana shiga tsakanin na'ura da talabijin, ya bar hoto ya wuce, ya fitar da sauti ta kafar haske ko RCA. Yawancinsu suna da makunni mai matsayi uku: 2CH, 5.1CH da Pass. Makunnin yana canza bayanan EDID ne, wato sanarwar da na'ura ke karantawa ta san abin da za ta aika. A Pass, na'urar za ta bi maganar talabijin, wanda sau da yawa sitiriyo yake nema, don haka 5.1CH ne daidai ga risiba. Don hoton 4K, dole akwatin ya san HDCP 2.2, wato tsarin hana kwafin hoto da ke cikin HDMI, in ba haka ba allo ya yi baƙi ko hoton ya sauka zuwa 1080p. Wannan dalili ne kuma ya sa ba a bi da 4K ta cikin tsohuwar risiba mai HDCP 1.4.

Manhajojin kallo irin su Netflix suna aika Dolby Digital Plus, wanda tsofaffin risibobi ba su san shi ba. A Apple TV da Fire TV akwai wurin da za a umarci na'urar ta mayar da shi Dolby Digital na asali.

Risibar da ba ta da kafar dijital ko ɗaya tana buƙatar akwatin da ke juya haske zuwa RCA. Masu araha PCM kaɗai suke fahimta. Idan aka aika musu Dolby, ko dai shiru ko wani shuu mai ƙarfi da ke iya lalata ƙananan lasifiku. Idan risibar na da kafofi shida na analog, akwai akwatunan da ke warware 5.1 su ciyar da su.

Wayar salula na shiga ta ƙaramin makarɓin Bluetooth da aka haɗa a AUX ko CD. Kada a saka shi a PHONO: wannan kafa ta garmaho ce, an yi ta ne don 'yan milibolt kaɗan, sautin zai fashe.

Ana saɓani kan ko wayar tagulla ta fi ta haske daɗin sauti. Bayanan da suke ɗauka iri ɗaya ne.

Matsaloli

Idan baki ya riga magana ko magana ta riga baki, a gyara jinkirin sauti a risiba ko a talabijin, kaɗan-kaɗan, ana kallon leɓen mai karanta labarai. Gurnani maras yankewa yawanci daga bambancin haɗin wayar ƙasa ta lantarki (earth) ne tsakanin na'urori, musamman ta wayar dish. Wayar haske ba ta ɗaukar lantarki, don haka tana yanke shi. Rimot ɗin talabijin ba ya rage ƙarar risiba ta wayar haske, sai an riƙe rimot biyu.

Wutar lantarki

Risibobi na hannu da ke zuwa daga Amurka an ƙera su ne don bolt 120, alhali wutar Najeriya da Nijar ta kai bolt 220 zuwa 230. A karanta rubutun da ke kusa da wayar wuta kafin a jona, kuma a sa taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce wat ɗin da aka rubuta a jikin risibar.