Koyar da Tarihin Zane da Aikin Hannu a Firamare: Tambayoyi da Amsoshi

Malamai da iyaye da yawa suna ɗaukar darasin zane a firamare a matsayin lokacin hutu, inda ake raba wa yara takarda da fensir masu launi domin su natsu kafin a kaɗa ƙararrawa. Amsoshin da ke biye sun ginu ne a kan cewa kallon ayyukan magabata da yin aiki da hannu darasi ɗaya ne, kuma kowanne yana raunana idan aka raba shi da ɗan'uwansa.

Shin yaro ɗan shekara bakwai ko takwas zai iya fahimtar tarihin zane kuwa?

Zai iya, muddin ba a mayar da tarihin haddar sunaye da shekaru ba. Yaro mai waɗannan shekaru bai gama rarrabe tazarar shekara ɗari da ta shekara dubu ba, duka biyun zamanin da ne a wurinsa, amma idonsa yana da kaifi, kuma bai riga ya koyi jin nauyin faɗin abin da ya gani ba. A shekarar 1879 wani mai binciken kayan tarihi, Marcelino Sanz de Sautuola, yana tono a kogon Altamira da ke arewacin Sifaniya, hankalinsa duka a ƙasa, sai 'yarsa Maria, wadda ba ta wuce shekara tara ba, ta ɗaga kai ta ga zanen manyan dabbobi masu kama da ɓauna a rufin kogon. Kogon Lascaux na Faransa kuwa, wanda zanensa ya kai kimanin shekara 17,000, samari huɗu ne suka gano shi a 1940. Na fi son a buɗe wa yara darasi da waɗannan labarai biyu, domin tun ranar farko suna nuna musu cewa na ƙasa da manya ne suka fara gani.

Me ya sa ba za a koyar da tarihin a rana ɗaya, aikin hannun kuma a wata rana ba?

Saboda yawancin abin da tarihin zane yake bayani a kansa amsa ce ga matsalar da hannu ya gamu da ita, kuma yaro ba ya gane darajar amsa sai ya ɗanɗana matsalar. Mutanen da suka yi zane a Lascaux ba su da fenti na kwalba. Jar ƙasa da rawayar ƙasa da baƙaƙen ma'adinai suka niƙa, suka yi aiki cikin duhu da hasken fitilar kitse, a kan bangon da ba shi da laushi ko daidaito. Idan malami ya faɗi wannan da baki, yara za su ji su manta. Idan kuwa ya sa suka daka gawayi da jar ƙasa, suka kwaɓa da ruwa, suka cukuikuye takarda mai kauri har ta yi tudu da kwari kamar dutse, sannan ya manna ta a ƙarƙashin tebur domin su kwanta rigingine su yi zane, to cikin minti goma hannuwansu za su gaji, launin zai ɗiga musu a fuska, kuma daga nan za su dubi hoton rufin Altamira da wani ido dabam. Haka ma tafukan hannu da ke wani kogo a kudancin Ajantina, inda mutanen da suka ɗora hannu a kan dutse suka fesa launi kewaye da shi: tsohon buroshin haƙori da ɗan fenti mai ruwa sun isa yaro ya gano yadda aka yi.

Akwai misali na kusa da zamaninmu. Kafin 1841, lokacin da wani mai zane ɗan Amurka, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matso fenti daga cikinsa, masu zane suna ajiye fentinsu ne a cikin mafitsarar dabba, wadda take fashewa kuma fentin ya bushe da wuri. Bututun ya sauƙaƙa fita waje a yi aiki a rana. Claude Monet na Faransa ya zana tarin hatsi da ke wata gona sama da sau ashirin tsakanin 1890 da 1891, da safe da yamma, cikin hazo da cikin ƙanƙara, domin abin da yake bi shi ne yadda haske yake sauya launi. Yaran da aka fitar da su suka zana bishiya ɗaya da hantsi, suka sake zana ta gab da tashi, za su lura da kansu cewa inuwar ta koma wani gefe kuma koren ganyen ya canza. Babu bayanin da zai kai wannan.

Haɗa ɓangarorin ba sabon tunani ba ne. A shekarun 1980 cibiyar Getty ta Amurka ta yaɗa wani tsari mai ƙafa huɗu, wato yin aikin, da sanin tarihinsa, da sharhi a kansa, da tunani a kan abin da ake kira kyau. An soki tsarin da cewa yana iya cinye lokacin da yaro zai yi aiki da hannunsa, kuma a ganina sukar tana da gaskiya idan malami ya cika surutu. A darasin minti arba'in, minti goma na kallo da tattaunawa sun wadatar.

Yaya ake nuna wa yara hoto ba tare da darasin ya koma lacca ba?

Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda Abigail Housen, masaniyar halayyar ɗan Adam, da Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilimi a gidan adana zanen zamani na birnin New York, suka tsara tare. Malami yana nuna hoto ɗaya, babba, ya bar yara su dube shi shiru na ɗan lokaci, sannan ya yi tambayoyi uku kawai: me yake faruwa a wannan hoton, me ka gani da ya sa ka faɗi haka, kuma me za mu ƙara ganowa. Yana nuna wurin da yaron yake magana a kansa da yatsa, yana maimaita maganarsa da kalmomi masu tsabta, ba ya cewa daidai ne ko kuskure ne.

Tambaya ta biyu ita ce ƙashin bayan hanyar. Idan aka nuna hoton babbar igiyar ruwa na Hokusai, wanda aka buga a Japan wajen 1831, wata yarinya ta ce mutanen suna jin tsoro, malami zai tambaye ta abin da ta gani, ita kuma dole ta koma cikin hoton ta nuna yadda masu tuƙin suka sunkuya a cikin kwale-kwale, da yadda kumfar ruwan ta miƙo kamar farata. Wani yaron zai gano cewa ɗan tudun da ke can baya mai farin kai ba igiyar ruwa ba ce, a nan ne malami zai ce dutsen Fuji ne. Sunan mai zane da shekara suna zuwa a ƙarshe, lokacin da yaran suka riga suka so su sani.

Ya dace yara su kwaikwayi shahararrun zane-zane?

A nan ne darussa da dama suke kuskurewa. Malami yakan nuna zanen dare mai taurari da Vincent van Gogh ya yi a 1889, ya raba takardu da aka riga aka zana musu iyaka, yara talatin su cike gurabe, a manna hotuna talatin iri ɗaya a bango. Bangon yakan yi kyau ranar da iyaye suka zo, amma yaron bai yanke shawara ko ɗaya ba. Abin da ya kamata a ara daga mai zane shi ne dabararsa. Van Gogh ya nuna motsin sama da gajerun shafe-shafe masu kauri da suke bin juna suna murɗawa, don haka sai a ce wa yara su zana iska, ko ruwan sama, ko hayaƙi, da irin wannan shafi, a wurin da su da kansu suka zaɓa.

Henri Matisse ya fi kowa sauƙin kawowa aji. Bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allon zane ta yi masa wuya, sai ya koma yanka takardun da mataimakansa suka shafe da launi, yana jera su yana sauya musu wuri. Aikinsa na dodon koɗi na 1953, wanda yake gidan adana zane na Tate a Landan, faɗinsa ya kusa mita uku, kuma gutsattsarin takarda ne kawai da aka jera su suna zagaye. Yaro ɗan aji ɗaya zai iya riƙe almakashi ya yi irin wannan tunani, da sharaɗin kada ya fara zana siffar da fensir, kuma kada ya shafa gam sai ya gwada jeri biyu ko uku. Daga Hokusai kuma a ari bugu: a manna igiya a kan kwali, a shafa mata fenti, a danna a takarda. Yaron da ya rubuta harafin farko na sunansa zai ga ya fito a juye, kuma daga nan zai fahimci wahalar masassaƙin da ya sassaƙa katako dabam domin kowane launi.

Me ya kamata a sa ran gani a zanen yara gwargwadon shekarunsu?

Viktor Lowenfeld, malamin zane haifaffen Ostiriya da ya koyar a Amurka, ya bayyana matakan a wani littafi da ya fitar a 1947. Daga shekara biyu zuwa huɗu yaro yana jan layuka ne marasa siffa. Daga huɗu zuwa bakwai mutum yakan fito da babban kai da ƙafafu biyu da suka fito kai tsaye daga kan. Daga bakwai zuwa tara yaro yakan ja layi a ƙasan takarda ya jera komai a kansa, sama kuma ta zama siririn shuɗi a can bisa, tsakaninsu fili. Waɗannan ba kurakurai ba ne da za a gyara da jan biro, kuma shekarun kimantawa ne, wani yaron yana gaba wani yana baya.

Matakin da ya fi buƙatar kulawa shi ne na shekara tara zuwa goma sha biyu, lokacin da yaro yake so zanensa ya yi kama da abu na zahiri, ya ga hannunsa bai kai ba, ya ce shi bai iya zane ba, ya ajiye fensir, wani har abada. Yabo ba ya warkar da wannan, domin yaron yana ganin abin da ya zana. Abin da yake buƙata shi ne a koya masa dabara: yadda ake auna tsawo da fensir a miƙe da hannu, yadda abin da ke nesa yake ƙanƙancewa, yadda inuwa take ba ƙwallo kauri. Tarihi ma yana taimakonsa, domin yaron da ya ga aikin Piet Mondrian na Holan, wanda baƙaƙen layuka ne da murabba'ai ja da shuɗi da rawaya, zai san cewa kamanni ba shi ne ma'auni kaɗai ba.

Dole ne a bi tarihin a jere, daga kogo zuwa yau?

Ba dole ba ne, musamman a ƙananan azuzuwa. Ya fi amfani a tara ayyuka a kan jigo ɗaya, kamar dabbobi ko fuska ko ruwa, daga wurare masu nisa da juna, a kuma ja dogon layin zamani a bangon aji, kowane sabon hoto a manna shi a gurbinsa. Abin da zan nace a kai shi ne kada Turai ta cinye jerin. Kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok ta Nijeriya, waɗanda suka haura shekara 2,000, suna da huda a idanu da hanci da baki, kuma yaron da ya gina kai da yumɓu mai kauri ya ga ya tsage zai fahimci amfanin barin ciki a rarake. Adon bangon fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya darasin lissafi ne cikakke da komfas da rula, kuma shi ne M. C. Escher, mai zane ɗan Holan, ya je ya kwafa a 1922 da 1936 kafin ya shahara da siffofinsa masu shiga juna ba tare da giɓi ba.

Malamin da bai iya zane ba, ko wanda ba shi da kayan aiki, yaya zai yi?

Ya gwada aikin da hannunsa kwana ɗaya kafin darasi, domin ya san inda yara za su maƙale. Wannan ya fi ƙwarewa muhimmanci. Fenti ja da shuɗi da rawaya, da fari da baƙi, sun fi akwati mai launi ashirin amfani, saboda yaron da ya haɗa shuɗi da rawaya ya sami kore ba zai manta ba. A tabbata dai fentin da gam ɗin na yara ne marasa guba, almakashin kuma mara tsini.

Ta yaya ake ba aikin zane maki?

Ba a kan kyau ba, domin hakan yana saka wa yaron da aka haifa da saurin hannu, ya karya gwiwar saura. A faɗa wa yara tun farko abu biyu ko uku da ake nema, misali a darasin Matisse a ce siffa biyar aƙalla, manya da ƙanana, wasu su hau kan wasu, sannan a auna aikin da wannan. Kowane yaro ya sami jakar kwali da ake ajiye ayyukansa da kwanan wata a bayan kowanne. A ƙarshen zango malami ya zauna da shi, su shimfiɗa aikin farko kusa da na ƙarshe, ya tambaye shi abin da ya canza, da kuma abin da ya gani da ya sa ya faɗi haka.