Kafin gatari ya sauka a wurin sassabe

Ƴan uwana manoma na jihar Maradi, lokacin gyaran gona ya kusa, kuma akwai maganar da nake so ta riga gatari isa gonakinmu. Ni malamin gona ne. Tambayar da aka fi yi mini a ƙauyuka ita ce: tun da hukuma ke kiran a cika rumbu, me ya sa kuma take cewa a bar itace cikin gona, alhali yana cin wurin hatsi?

Dattawanmu sun san amsar fiye da ni. A da, itacen da ke cikin gonarka ba naka ba ne a idon doka. In ka sare reshe, ma'aikatan gandun daji su ci ka tara. Saboda haka mutum ya gwammace ya kashe tsiron tun yana ƙarami ya huta da rigima, mu ma malaman gona na wancan zamani gona fes muke yabawa. Da fari ya zo, yunwar 1984 ta samu ƙasa tsirara. Iska ta riƙa binne shuka da rairayi, har mutum ya yi shuka sau uku a damana guda.

A nan Maradi, a 1983, Tony Rinaudo, wani ma'aikacin ƙungiyar mishan ta SIM ɗan Ostareliya, ya lura cewa kututturan da muke sarewa kowace shekara suna nan da ransu, saiwoyinsu na can ƙasa suna jira. Daga nan sassaben zamani, wato rainon tsiron kututture a gona maimakon sare shi, ya samo asali, manoma kuma suka ɗauke shi daga gona zuwa gona, irin su mutanen Dan Saga a gundumar Agye. Yau ana ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Daga baya doka ta biyo sawun manoma: dokar gandun daji ta 2004, sai dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙin amfana da itacen da ya raina a gonarsa.

Ku dubi gawo. Da damana, lokacin da hatsi ke bukatar rana, sai ya kakkaɓe ganyensa, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna zuba kashi. Wanda ya taɓa yin girbi a gindin gawo ya san zangarniyar wurin ta fi kauri. Kalgo da sabara kuwa, da muke rainawa, su ke tare ƙura da ganyen da hunturu ke kwasowa, su ke kare jaririn hatsi daga iska. A shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin Yuli, ganyen kuka da ƴaƴan aduwa da kuɗin itacen wuta sun riƙe gidaje da yawa, na gani da idona.

Yadda ake yi ba wuya. A kowane kututture ka zaɓi tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran da kaifaffen gatari, ka rage rassan ƙasa. Ka ɗaura tsumma a jikinsu don mai neman itace ya san da mai su.

Ba na cewa a yi watsi da kayan zamani. Shirin gwamnati na 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, da aka soma a 2012 ya sa gaba a kan noman rani da taki da ingantaccen iri, kuma muna bukatarsu, don bakunan da muke ciyarwa sun ƙaru, gonaki sun tsuke. Irin hatsi mai saurin nuna kamar HKP ko Chakti yana ceton mutum a gajeruwar damana. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne in ga gida ya saki zango, irin hatsi na kakanni, gaba ɗaya. Ku ajiye ko da ƴan damma ne na irin gida, ku ci gaba da haɗa hatsi da wake a gona guda, domin wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma in ɗaya ya ƙi, ɗaya na iya yi. Takin zamani ma ya fi aiki a ƙasar da ke da ganye da kashin dabba.

Sai maganar feshi. Murzuna da ke huda zangarniya tana da abokin gaba, wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro wanda masana na cibiyar binciken noma ta INRAN a Tarna da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ke kiwo, ana rataye shi cikin ƴan buhuna a ƙauyuka lokacin da hatsi ke fidda kai. Maganin da ka saya a kasuwa ba takarda, in ka fesa, wannan ɗan ƙwaron ma yana mutuwa tare da ƙudan zuma. Kafin ka ɗauki famfo, Baba, ka karyo zangarniyar da ta lalace ka kawo wa malamin gona na kwaminku ya duba.